Jar Igiyar Injin Baffa

Shekarar da Baffa ya sayo sabon inji, ni na ɗauko shi a kafaɗa daga bakin mota har tashar jirage ta Yelwa. Ina faɗin wannan tun da wuri ne don kada wani ya ce ban yi wa injin nan komai ba. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, jirage masu inji ba su yi yawa a bakin ruwanmu ba, wanda ya riƙe ɗaya kuwa ko gaisuwarsa daban ce.

Baffa ƙanen mahaifina ne. Yana da babban jirgin katako mai jigilar 'yan kasuwa da kayansu tsakanin Yelwa da Wara, kuma ba shi da ɗa namiji da ya isa riƙon jirgi. Mu biyu ne a hannunsa: ni ɗan wansa, sai taubashina ɗan ƙanwarsa. A lissafina, wanda ban shawarci kowa a kansa ba, injin nawa ne. Ni ne ɗan namiji, ni ne na cikin gida. Shi kuwa ɗan mace ne. Tun muna yara bawana nake ce masa, shi kuma ya ce mini ubangidan da ba shi da ko kaza.

Makaniken da ya zo ɗaura injin ya fito da wata jar igiya a murɗe kamar hanjin kaza, da ɗan roba mai baki biyu a ƙarshenta. Ya ce robar nan ana cusa ta ƙarƙashin wani maɓalli, ɗaya ƙarshen kuma direba ya ɗaura a wuyan hannu. Idan direba ya faɗa ruwa, igiya ta fizge robar, inji ya mutu nan take, jirgi ya tsaya ya jira mai shi. In babu robar kuma, ko ka kwana kana jan inji ba zai tashi ba. Wannan bayani daga baya na ji shi. Sa'ad da ake yinsa ina can gefe na tara 'yan kallo ina yi musu nawa bayanin, ni da karatuna ya tsaya a aji biyu, ina nuna rubutun jikin injin da yatsa ina cewa sunan mai ƙera shi ne da na ubansa. Taubashina na tsugune gaban makanike ya kasa kunne. Baffa kuwa ya dube shi, ya dube ni. Kafin la'asar jar igiya tana hannun bawana.

Ba injin ne ya fi ci mini rai ba, igiyar ce. Tunda sai da ita inji ke tashi, ta zama makulli, ba ya rabuwa da ita. Da ita yake zuwa kasuwa, da ita yake zuwa wurin mai shayi, in zai yi alwala sai ya tura ta sama zuwa gwiwar hannu a hankali, yadda masu agogo ke yi. Mai shayi ya daina kiran sunansa, sai Direba. Mata masu bandar kifi, waɗanda a da ni suke yi wa wasa, suka koma tambayarsa ko Direba ya karya kumallo. Ni kuwa aikina a jirgi kwarfe ruwa da tsohuwar ƙwarya, kaina a ƙasa, abin da fasinja ke gani nawa bai dace a faɗa ba.

Na ce masa, "Bawa dai bawa ne. Ko an ba shi inji sai an ɗaure shi da igiya kamar akuya."

Ya ɗaga hannun ya karkaɗa mini ita a fuska. "Awo, ubangida. Kwarfe da kyau, ruwa na taɓa min ƙafa."

Har jan ƙyalle na taɓa ɗaurawa a wuyan hannuna in ji yadda abin yake. Inna ta gani ta tambaye ni ko wani ciwo ne ya fito mini, ta ce in zo ta shafa man shanu. Na kwance shi.

Ana nan sai Allah ya kawo ƙurungu. Taubashina yana fidda kifi daga raga, ƙayar ƙurungu ta shige masa tafin hannun dama, hannu ya kumbura ya yi kamar kabewa. Na je gaishe shi. Na shirya fuskar tausayi tun daga gida, amma ta ƙi zama, sai gyara ta nake yi kamar hular aro. Da yamma Baffa ya kira ni ƙarƙashin bishiyar da yake zama a bakin tasha.

Ya ce, "Gobe kai ad da inji. In ka kai jirgin ga Wara ka maido min shi lahiya, ku koma karɓa-karɓa, mako naka mako nashi. In ko ka yi min halinka, kai da ƙwarya har abada."

Na ce, "Baffa, wane hali?"

Ya ce, "Shi wanga da kake tambaya."

Aka ce taubashina zai bi mu ya zauna a goshin jirgi yana duba hanya. Rani ne, ruwan tafki ya ja baya, kututturan itatuwan garuruwan da ruwa ya ci da aka datse kogi sun taso kusa da sama, wasu ka gan su, wasu sai dai ka ji su. Da safe ya miƙo mini igiya da hannun hagu, yana yi yana kallon wani wuri.

"Ɗaura ta ga hannu, kak ka cire. Kuma zamne aka tuƙi, ba tsaye ba."

Na ce, "Bawa bai koya wa ubangida zama."

Tafiyar zuwa, wallahi ko makaniken nan iyakar abin da zai yi ke nan. Ban taɓa ko ciyawa ba. Sai dai akwai abin da ban sani ba sai ranar: igiyar gajeruwa ce. Tana tilasta ka zama can ƙurya a gindin jirgi, kaya sun yi tsiri a gabanka, ba mai ganinka sai kifi. Da muka iso Wara, mutanen bakin ruwa suka hango taubashina zaune a goshi yana nuna hanya da lafiyayyen hannunsa, suka ɗauki murya, "Direba, sannu da hanya! Direba, ya hannu?" Ni da na kawo jirgin na fito daga bayan buhuna ina miƙe baya, wani dattijo ya miƙo mini igiyar ɗaure jirgi ya ce, "Yaro, kama nan."

Abincin Wara bai shiga cikina ba ranar. Da taubashina ya tafi wurin wanzami a duba masa hannu, na zauna ni da injin muka yi shawara. Na nemo igiyar mamari, irin wadda muke jera ƙugiyoyi a jiki, mai ƙarfin da giwan ruwa ba ya tsinka ta. Na kwance robar daga jar igiya, na ɗaura ta a bakin igiyar mamari, na mayar da ita ƙarƙashin maɓallinta. Ɗaya bakin na haɗa da jar igiya, jar kuwa tana wuyan hannuna inda kowa zai gani. Na cusa guntun gora a hannun inji ya ƙara tsawo. Yanzu ina iya hawa kan allon zama in tsaya tsaye, kaina ya fi buhuna, tuƙi na hannun hagu, na dama kuma na amsa gaisuwa.

Abu ɗaya ya rage. Igiyar ta yi tsawo, rararta na kwance a ƙasa tana naɗe mini ƙafa. To ɗan masunci ba ya ganin igiya sake a cikin jirgi ya ƙyale ta. Tun kafin mu iya ɗaura wando aka koya mana haka da dundu. Ban ma yi tunani ba, hannuna da kansa ya zagaya tsakiyarta a jikin allon zama ya yi mata ƙulli, irin wanda ƙara ja ƙara kamawa. Ƙulli mai kyau ne, har yau ban ga wanda ya kushe shi ba.

Muka taso da lodin albasa da kwandunan banda da mata 'yan kasuwa, da wani rago da aka ɗaure a tsakiya. Taubashina na can goshi, tsirin kaya ya raba mu. A buɗaɗɗen ruwa na zauna, don ba kowa a wurin da zai gan ni. Sai da rufin kwanon Yelwa ya fara ƙyalli na hau kan allo na miƙe, na ƙara wuta. Na hango tasha cike da mutane, na hango farar rigar Baffa ƙarƙashin bishiyarsa. Na ɗaga hannun dama sama yadda jar igiya za ta sha rana, na shiga gaida mutanen da ba su gaishe ni ba.

Na ji taubashina yana ihu, "Dama! Yi dama! Kututture!"

Na ji shi sarai. Amma a dama ba kowa, mutane duk suna hagu.

Ƙarar da na ji kamar an sari ƙofa da gatari. Jirgi ya yi tsalle, allo ya bar ƙafata, na ga sama, na ga ƙafafuna a cikin saman, sai ruwa. Ina nutsewa ina cewa a raina ba komai, yanzu inji zai mutu. Inji bai mutu ba. Ƙullina ya riƙe, duk jan da nake yi a jikin allo yake ƙarewa, robar na can zaune lafiya ƙarƙashin maɓallinta. Sai ji na yi an fizgi hannuna kamar za a cire shi daga kafaɗa, jirgi ya ɗauke ni.

Injin da ba mai riƙe da shi gefe guda yake kwantawa, don haka jirgi ya shiga zagaye, ni kuma ina biye a baya a kan cikina, baki buɗe, ina shan tafkin Kainji ba bisimilla. In na ɗago in ji salatin mata da kukan rago, in na nutse in ji farfela tana yankan ruwa, kuma duk zagaye sai na ji kamar ta ƙara matsowa. A nan wasa ya fita daga kaina. Na tuna jirgin ya yi nauyi, ya karkata, kuma cikin matan nan akwai masu goyo. Na kai hannun hagu in kwance igiyar, ruwa ya mayar da shi.

Abin da ya faru a cikin jirgi ban gani ba, amma an ba ni labarinsa fiye da yadda nake bukata. Wai taubashina ya taka buhunan albasa da rarrafe, kumburarren hannu a sama, jirgi na juyi, ya tsallake rago, ya faɗo gindin jirgi a kan kafaɗa, ya fizge robar da hagu. Ni dai abin da na sani, ƙara ta ɗauke, hannuna ya saki, duniya ta yi shiru sai tarina.

Shi ya jawo ni, da igiyar tawa, hannu ɗaya da haƙori. Da kaina ya iso gefen jirgi ya leƙo ya dube ni, ya ga ina numfashi, ya ga hannuwa da ƙafafu sun cika. Sannan ya juya wurin mata.

"Wa ka sayen giwan ruwa? Yanzu anka kama shi, da sauran rai."

Wata tsohuwa mai banda, wadda ɗazu take salati, ta ce, "Wanga ba giwa ba ne, ɗana. Talibamban ne, dubi cikinai."

Da filafili aka ƙarasa da jirgi, ana tuƙi da hannu, don ni da shi ba mai hannun jan inji. Ba wanda ya ji ciwo, buhun albasa ɗaya ne ya bi ruwa, sai katako guda da ya tsage a ƙasa. Baffa bai tashi daga inda yake ba. Na zo gabansa ina ɗiga, igiyar mamari na biye da ni a ƙasa. Ya kama hannuna ya juya shi, ya dubi inda fata ta saluɓe, ya kwance jar igiya a hankali ya miƙa wa taubashina.

Na ce, "Baffa, ai na kai shi Wara lahiya. Rabin alkawari ya cika. Kututture ne bai da mutunci."

Ya ce, "Kututture na nan tun kan a haife ka, bai taɓa zuwa ya sami kowa ba."

Na ce, "To a ba ni ko kwana ɗaya cikin mako."

Ya shafa gemu har na fara sa rai. Sannan ya ce, "Na ce kai da ƙwarya, amma na sake shawara. Tunda so kake a gan ka, daga gobe ka koma goshin jirgi da gora, kana duba ma direba hanya. Duk tashar da munka nufa, kai za a fara gani."

Haka aka yi. Shekaru na yi a goshin jirgin nan a tsaye, ina ihun dama da hagu, kuma ko sau ɗaya bawana bai taɓa kututture ba, abin da mutane suka ɗauka gwanintarsa ce. Injin ya tsufa a hannunsa, aka sayi wani, shi ma a hannunsa. Yanzu duk mun bar ruwa, gemu ya yi fari, muna zama benci ɗaya a bakin tasha. In baƙo ya zauna, ba a jimawa wani zai nuna shi ya ce wannan ne ya tsayar da jirgi da hannu ɗaya. Sai in jira a ce ga kuma wanda ya kai shi Wara ba tare da ya taɓa ko ciyawa ba. Ba a cewa. Sai in faɗa da kaina, shi kuma ya ce wa baƙon, "Gaskiya ne, zuwa ya iya. Tambaye shi dawowa."