Man shanu a bakin lasifika

A Maraɗi na saye su, shekarar da gero ya yi albarka, wajen wani mai kayan gwanjo da ke bayan tasha. Lasifika ce guda biyu ta akwatin katako, kowacce ta kai mini gwiwa. Ban san komai game da su ba, sai na zaɓa yadda nake zaɓar rago a kasuwar Dakoro: na ɗaga na ji nauyi, na ƙwanƙwasa haƙarƙari. Da mai kayan ya haɗa su da ampli, na'urar ƙara sauti, ya sa kaset, sai na ji gurmi kamar makaɗin yana zaune gabana, har da shafar yatsansa a kan tsirkiya. A cikin mota na riƙe ɗaya a cinya, ɗayar tsakanin ƙafafuna, har gida.

Sun daɗe a ɗakina a kan benci, an lulluɓe su da zane. An sha zuwa aro don biki ina hanawa, har aka sa mini suna marowaci. Ban damu ba.

Zafin garin nan ba ya barin komai. Wata bazara na cire ragar gaban ta hagu, na ga zoben nan mai laushi da ke riƙe da bakinta ya bushe, ya fara tsagewa. Mu nan abin da ya bushe mai ake shafa masa, ko takalmi ne, ko linzami, ko gugan fata. Na ɗebo man shanu a kicin na zauna ina shafawa da ɗan yatsa.

Uwar 'ya'yana ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ƙafata ga faso har jini, ba ka taɓa kawo mini mai ba. Ashe akwati ya fi ni gata."

"Ke ai kina da hannu."

"To, ɓera ma yana da hanci."

Na yi dariya, na mayar da zane na rufe. Muka tafi Adjekoria gaisuwar rasuwa. Da muka dawo, ɓeraye sun cinye zoben kaf, sun shiga cikin takardar da ke tsakiyar bakin lasifikar. Uwar 'ya'yana tsintsiya kawai ta miƙo mini.

Masu gyaran rediyo suka ce ba a samun irin kayan, in jefar in sayi ƙaramar nan da ake haɗawa da waya. Daga baya wani baduku abokina ya fere fatar ɗan akuya har ta yi kamar ganye, ya manna a madadin zoben. Ta yi magana, amma muryar ta toshe, kamar mai mura. Ganga tana fita, gurmi ba ya fita.

Yanzu ta dama ce kawai ke da muryarta ta asali, ita ma zobenta ya fara tsagewa. Na gani bara, na mayar da raga ban taɓa ba. Ba na kunna su sai ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, in akwai kuran, wato wutar lantarki. Ina rage ƙara sosai don kada ta dama ta girgiza, in jawo tabarma in zauna kusa da ita. In kaset ya ƙare ba na juya shi.