Shuɗiyar Randar Habsatu

A Matameye, in aka ce ruwa ya yi sanyi kamar na randar Habsatu, an gama yabo. Shekara talatin ke nan tana ginin tukwane a bayan gidanta, kuma randar da ke ƙofar masallacin unguwarsu ita take sakewa duk shekara, sadaka, don masu wucewa su sha.

Launi uku ta gada a wurin uwarta. Ja na jar ƙasa, wadda take gogewa da ɗan dutse har ta yi sheƙi. Baƙi na ruwan bagaruwa, da take yayyafa wa tukunya tana fitowa daga wuta. Sai farar ƙasa ta zane. Gindin randa kuwa da totuwar masara take murza shi ya yi kaushi, don ita a ganinta randa mai santsi ko'ina ba ta da hali. Tana son aikinta, ba ta ɓoyewa. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai, shuɗi. Ƙasar Matameye ba ta ba da shi.

Da ɗanta Sadisu ya dawo daga cin rani a Kano, sai ga shi da gwangwanin fentin mai, shuɗi shar. Tsohuwa ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ta ɗauko sabuwar randar masallaci ta shafe ta tun daga baki har gindi, ta bi kaushin nan duka ta cike. Mata suka yi ta leƙowa kallo, ita kuma tana ta ƙasaita.

Lokacin bazara ne. Kwana biyar da kai randar, ta lura mutane na kurɓa ɗaya su ajiye moɗa. Ba wanda ya iya gaya mata, sai liman, Malam Sha'aibu, wanda ya tsaya a zaure ya yi gaisuwa mai tsawo kafin ya kai ga magana.

"Inna, randa ta yi kyau ƙwarai. Sai dai ruwan ya yi daidai da alwalar mai mura."

Kunya ta kama ta, don ta fi kowa sanin dalili. Randa sai ta yi gumi take sanyaya ruwa, ita kuwa ta toshe mata jiki da fenti. Abin da take koya wa wasu ke nan, son shuɗi ya mantar da ita. Ta sa aka ɗauko randar, ta zuba gero a ciki.

Mako uku ta yi kafin ta gasa wata. Wannan karon ta bar jikin da jansa da kaushinsa, shuɗin ta zagaya shi a wuya kawai, faɗin yatsa biyu, inda ruwa ba ya kaiwa.

Ranar da aka kai ta, Habsatu ta laɓe a ƙofar gida bayan azahar, tana hango ƙofar masallacin. Wani mai amalanke daga Kurni ya tsaya, ya sha moɗa ɗaya, ya ƙara, ya kwara ta uku a kansa, ya yi hamdala ya wuce. Ko kallon shuɗin bai yi ba. Ta koma ciki tana dariya ita kaɗai, ta ce wa Sadisu ya rufe gwangwanin da kyau, zai kai ta shekara goma.