Tauraruwa mai wutsiya da rimin gidan Kawu

Ana sallame asuba muka bar Bakura, ni da wani malami abokin aikina, da madubin hangen taurari naɗe cikin tsohon bargo. Kwanakin ne tauraruwa mai wutsiya take fitowa yamma bayan magariba, ni kuwa na hana kowa sakat da zancenta. Sai ga saƙon Kawu daga Maradun, wai in zo masa da madubin nan kafin idonsa ya ƙarasa. Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya fara nuna mini taurarin kaza da 'ya'yanta ina ƙarami. Tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu yake raɓe a ɗaki guda cikin gari, ga yanar ido ta cinye masa ido ɗaya, tana neman na biyu.

Wajen Birnin Tudu shinkafa ta fara nuna, manoma na ta kaɗa gwangwani suna korar tsuntsaye. A Mafara muka karya da hoce da shayi. Kuɗin motar Maradun ya ninka yadda na san shi, da na yi ƙorafi direba ya ce in je in yi da mai fetur. Na biya.

Daga nan hanya ta zama ta jin tsoro. Gonaki sun cika da ciyawa, hira ta mutu a mota, kowa sai jan carbi. A wani shinge 'yan sa-kai suka warware bargo, suka ga doguwar kwalba da ƙafa uku.

"Malam, wagga wace irin bindiga ta?" in ji babbansu.

Na rantse, abokina ya rantse. Sai da na kafa masa madubin ya leƙa, ya ga jakin wani yana tafiya ƙafafu a sama, don haka madubin yake juya komai. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce mu wuce.

Dariyar ƙarshe ke nan. Na iske Kawu ya rame, riga na yawo a jikinsa. Da yamma muka tallafe shi zuwa saman soron maƙwabcinsa. Ina miƙe ƙafafun madubin, matan gidan da ke kallonmu suka suri 'ya'yansu suka afka ɗaki. Wallahi abin ya sosa mini rai. Sai da mai soron ya leƙa ya kira su da suna kafin suka fito.

Bayan magariba ta bayyana, can ƙasa-ƙasa, wutsiyarta tsaye kamar tsintsiya. A madubi kanta ya fito fari tas. Kawu ya ɗora idonsa mai sauran gani, ya ce ya gan ta. Ya tambayi yaushe za ta dawo, na ce masana sun ce sai bayan dubban shekaru.

"Ashe ita ma ta bar gida," ya ce. Ya dafa madubin. "Ɗana, abin ga shina ganin ƙasa?"

Ashe ba don tauraruwa ya kira ni ba. Ya ga yadda nake rawar kai a kanta ne, ya yi mini kara har duhu ya shiga.

Washegari da hantsi muka sake hawa. Ya nuna da sandarsa, na yi ta laluben wurin har na kamo wani dogon rimi. A gindinsa gidan Kawu yake, bayansa kuma maƙabartar da aka sa matarsa. Rimin na reto kai ƙasa, ga wani siririn hayaƙi yana zuba daga gefensa.

Kawu ya daɗe a sunkuye. Ya ce ga rimin, ga reshen da iska ta karya. Sannan muryarsa ta canja.

"Wa ka hura wuta gidana?"

Dukanmu mun san ba mutanen ƙauyen ba ne. Ya ɗago, ya share ido da bakin rigarsa, ya ce in rufe, ya gani, Allah Ya yi albarka.

Kafin la'asar muka iso Bakura, don ba mai yarda yamma ta same shi a hanyar nan. Na tafi da taƙamar ina da abin da ke kawo nesa kusa. Na dawo na gane cewa wurin da ya fi yi wa Kawu nisa ba a sama yake ba, tafiyar ƙafa ce da a da yake yi kafin fura ta yi tsami. Ɗalibaina sun dame ni in nuna musu tauraruwar kafin ta ɓace. Har yau madubin na cikin bargo, na kasa kwance shi.