Sulley Gola Ya Bar Raga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha ɗaya ga Yuni, 2024, ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, Allah Ya karɓi ran Malam Sulley Abdul-Rahaman a gidansa da ke Asokore Mampong, bayan doguwar jinya. Yaran yanzu sun san shi da Baba Sulley na maƙabarta. Mu da muka riga su ganin rana mun san shi da Sulley Gola. Ni Garuba, na yi shekaru ina buga baya a gabansa, kuma ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka sa riga ɗaya da shi. Shi ya sa rubutun nan ya faɗo kaina, ba don na iya ba.

Sulley, labarin ya same ni da hantsi, ina ƙofar gida ina kallon ana wucewa da raguna. Babban ɗanka Rashid ne ya zo da ƙafarsa. Da na ga ya tuɓe takalmi tun daga nesa, na san abin da ya kawo shi. Ban yi kuka ba. Kuka ma ƙarfi yake so, ni kuwa na raka mutane da yawa. Abin da ya fara faɗo mini shi ne aikin da ka ɗora mini, na shiga kabarinka na karɓe ka da hannuna. Sai na dubi gwiwoyina.

Mahaifinka dillalin shanu ne da ya sauko daga Nijar, kuma a kara, kasuwar shanu, ka koyi kamu, kana cafke maruƙan da suka tsinke igiya. Da muka kafa ƙungiyar Samarin Mayanka a shekarar samun 'yancin kan ƙasar nan, ba a ma yi shawara a kan wanda zai tsare raga ba. Ƙaramar ƙungiya ce a ƙaramin rukuni, rediyo bai taɓa kiran sunanmu ba. Motar shanu muke wankewa mu shimfiɗa buhuna, mu nufi Bekwai ko Ejisu ko Obuasi, mu sauka 'yan gari suna toshe hanci. Ladan wasa kwanon waakye ne, wato shinkafa da wake, in an ci sa'a a sa ƙwai. Ba ka da safar hannu, filayen kuwa tsakuwa ce zalla, amma kana faɗawa kansu kamar katifa. In ƙwallo ta taso sama sai na ji muryarka a bayana: "Bar shi, Garuba, na riƙe!" Ban taɓa waiwayawa don na tabbatar ba.

Sau ɗaya wata babbar ƙungiya ta garin nan ta kira ka gwaji. Mun raka ka har bakin fili, kowa da wankakkiyar riga. Ba abin da ya wuce ka ran nan, amma suka ce kai gajere ne. Ka dawo a ƙafa ta unguwar Adum, ka saya mana rake a hanya, ba ka ƙara tada zancen ba har ka koma ga Allah. Ni ne dai ban yafe ba, kuma har yau ban yafe ba.

A zamaninmu babu canji. In gola ya ji ciwo, ɗan baya ne ke karɓar rigarsa ya shiga raga. Haka ta faru a Konongo, da wani ƙato ya taka maka yatsu biyu suka karye. Na sa rigarka, ta ƙi rufe mini cibi. Ƙwallayen da aka zuba mini ran nan, na daina ƙirgawa tun kafin hutun rabin lokaci. Kana zaune bakin fili da hannu a ɗaure kana dariya har da hawaye. Tun daga nan, ko kofin shayi zan miƙa maka sai ka ce, "A hankali, Konongo." Yatsun nan a karkace suka warke, da su ka yi ta jan carbi.

Ba tsufa ne ya raba mu da ƙwallo ba. A 1969, da aka ce baƙin da ba su da takarda su bar ƙasa, rabin ƙungiyarmu suka hau mota, yawancinsu ba mu sake ganinsu ba. A cikin wannan ruɗani wani tsohon makiyayi ya rasu, ba ɗa ba jika, majiya ƙarfi kuma sun watse. 'Yan tsirarun da muka rage muka kai shi maƙabartar Tafo. Masu saukar da shi tsofaffi ne, ƙafar ɗaya ta zame, gawa ta suɓuce. Kafin wani ya gama salati har ka dira cikin ramin ka tare ta da ƙirji. Ka ɗaga kai ka ce, "Ku saki, na riƙe." Wannan shi ne kamun da ya fi duk wanda ka taɓa yi, kuma waɗanda suka gani ba su cika sahu ɗaya ba.

Daga ranar ka zama mai karɓar gawa a Zango. Bahaushe, Bazabarme, Bamoshe, Badagombe, wanda yake da dangi da wanda aka tsinta a tasha, duk ta hannunka suka kwanta. Kai ke riƙe wajen kai, ka kwantar da mutum ta damansa, ka juya fuskarsa alƙibla, ka sassauta ƙullin likkafani a hankali kamar kana tsoron tashinsa. In an miƙo katakon rufe kabari da ake sayowa a Anloga, sai ka shafa kowane ɗaya kafin ka jera, wai kada ƙusa ta rage. Ranar da Irfan ɗana ya rasu, kai ka karɓe shi. Da ka fito ba ka yi mini wa'azi ba, ka zauna kusa da ni da jar ƙasa a rigarka har rana ta faɗi.

Da ƙarfinka ya ƙare ka koma tsayawa bakin rami kana faɗa. Kana da faɗa, Sulley, kada a ce na ɓoye. Duk saurayin da ya ɗaga waya zai ɗauki hoto a maƙabarta, ya san daɗin sandarka.

A watan azumi na zo duba ka, na tarar ka zama ƙashi da fata. Ka kama hannuna ka ce, "Garuba, in lokaci ya yi, kai ne za ka karɓe ni."

Na ce, "Haba Sulley, ga 'ya'yanka ƙarti. Ni tashi daga tabarma ma sai da dabara."

Ka ce, "Doka bai canza ba. Gola ya fita, ɗan baya ya shiga raga." Ka yi tari, sannan ka ƙara da cewa, "Amma don Allah kar ka yi min Konongo."

Na yi dariya a gabanka. Da na koma gida abinci ya gagare ni. Ƙwallo in ta faɗi ana sake bugawa, wannan kuwa sau ɗaya ake miƙo ta.

An yi maka salla bayan azahar, aka ɗauki makara zuwa Tafo, ruwan safe ya bar ƙasa da santsi. Da na matso bakin ramin na fara naɗe hannun riga, Rashid ya riƙe ni. Ya ce, "Kafra, yi haƙuri, Baba Garuba, ƙafanka ba shi da lafiya. Ka bari mu yi." Na ce masa ubansa ne ya sa ni, in yana da ja ya tashe shi ya tambaya. Shi da ƙanensa Shakiru suka sauka, suka sauko da ni kamar buhun gari, suka ba ni wajen kai. Kowa ya zuba mini ido. Aka miƙo ka. Na tallafi kanka da kafaɗarka, na ji ba ka da nauyi ko kaɗan, kai da ka ɗauki Zango duka. Mutanen sama suka ƙi sakin likkafani, suna tsoron tsoho. Sai na ji bakina ya ce, "Ku saki, na riƙe." Suka saki.

Ban yar da kai ba, Sulley. Na kwantar da kai ta dama, na juya fuskarka gabas, na sassauta ƙulli yadda na ga kana yi.

Fitowa ce ta gagara. Na dafa bakin ramin, gwiwa ta ce ba da ita ba. Gaskiya na ɗan tsaya, don wurin akwai sanyi da shiru, ni kuma na gaji ƙwarai. Sai da Shakiru ya ce, "Baba, taho, ba yau ba," sannan na miƙa musu hannu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Balki, wadda ta yi rabin rayuwarta tana wanke jar ƙasa daga rigunanka, da Rashid da Shakiru da Tayyiba da jikoki, da jama'ar Zango baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Ya Allah, ga bawanKa Sulley, wanda bai taɓa sakin bawanKa ya faɗi ba. Ka karɓe shi da rahamarKa, Ka yafe kurakuransa, Ka yalwata makwancinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ni kuma da na rage a fili, ba kowa a bayana, in tawa ta zo Ka sa na cika da imani, Ka haɗa ni da hannun da zai riƙe. Amin.