Labulen Asibitin Sharaɗa

Wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, Inna ta kira ni daga wurin 'yar carafke ta ce in ɗauko mata mayafi za mu asibiti. Ta kwana biyu tana wanke zannuwanta a ɓoye a bayan ɗaki, ni nake ɗebo mata ruwa ina gunaguni, don wasa take katse mini. Muna fitowa zaure sai ga Malam, kakana na wajen uba, ya dawo daga gonarsa ta bakin kogin Challawa, ya ce shi zai raka mu tunda Baba yana can kamfanin fata.

Asibitin unguwarmu a Sharaɗa asalinsa sito ne. Ɗaki ɗaya ne dogo, rufin kwano, taga ɗaya can sama inda iska ba ta saukowa. An raba shi da koren labule wanda bai kai ƙasa ba, wannan gefe benci, maza da mata a haɗe, wancan gefe teburin nas. Bangonsu ɗaya da kamfanin robobi, injinsa kuwa ba ya hutawa. Nas ɗin ita kanta abar tausayi ce, gumi ya jiƙe mata hijabi, abincinta ya huce a kan kwalin magani, muryarta ta dishe saboda ihun da take yi tun safe.

"Baiwar Allah, ɗaga murya mana, ba na jin ki!" in ji ta, da layi ya zo kan Inna muka shiga bayan labulen.

Inna ta dubi ƙasan labulen. Ga ƙafafun Malam nan, da lakar gona a jikinsu, dab da namu. Matar da ko sunansa ba ta faɗa, ko loma ba ta kaiwa baki a gabansa, ta yaya za ta ɗaga murya ta ce jini take zubarwa? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Zazzaɓi ne kawai." Maganin zazzaɓin aka ba ta. Inna ba ta ga girbin dawar shekarar ba.

Makon jiya ni ma na ga jini, ga ciki na fari. Wallahi har yanzu barci ma sai a hankali. Maigidana ya sa ni a adaidaita sahu zuwa wani asibiti a Bompai, wanda aka ce sai da aka tambayi mata da nas-nas kafin a gina shi. Shi aka bar shi a rumfar maza, ni aka shiga da ni ɗaki mai bango har sama. Nas ta tura ƙofa ta ce, "'Yar'uwa, ba mai jin mu, gaya mini." Kuka na fara yi kafin magana ta fito. Cikin dai bai zube ba, sun ce in kwanta in huta.

Ina kwancen nake lissafi, ashe shekarun Inna a lokacin ba su fi nawa na yanzu sosai ba. Ƙofa ɗaya ce tsakanina da ita.