Fiton da Ke Cikin Kaset ɗin Yaya Bitrus

Shekara tara ke nan cif da muka binne yayana Bitrus, mai gyaran rediyo a Bukuru. Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Abin da na gada a wurinsa shi ne kwali ɗaya na kaset-kaset, da kuma mugun halin rashin yarda da duk wani abu da aka rufe da murfi.

Yaya ba ya sayen na'ura sai ya kwance ta. Na taɓa ganin ya buɗe wata amfilifaya mai nauyi da wani ya yi ta yabo, sai ga guntun ƙarfe an manne a ciki don kawai ta yi nauyi a hannu. Ya ɗaga ƙarfen sama, ya ce wa mai ita, "Oga, ga ingancin da ka saya." Da zai leƙo yau ya ga mutane na sayen kaya saboda wani baƙo a intanet ya ce suna da kyau, wallahi da ya yi dariya har da hawaye.

Yana da wata al'ada. In ya gama gyaran rakoda, sai ya saka kaset ya yi magana a ciki don gwaji. "Ɗaya, biyu, Bitrus ne daga Bukuru," daga nan sai surutu: tsadar dankali, ruwan da ya ƙi tsayawa, ƙanwarsa Hannatu mai bakin tsiya, wato ni. Bara na kai guda ɗaya aka juye mini a kwamfuta. To amma kwamfutar tawa tsohuwa ce, in na saka hedifon sai zuuu ya rufe rabin maganar, muryar kuma can ƙasa kamar daga ɗakin maƙwabta.

Wata abokiyar aikina a makaranta ta ce akwai ɗan akwatin da ake ajiyewa kan tebur, ana ce masa dak. Shi ke karɓar sauti daga kwamfuta ya fito da shi tas, amfilifaya kuma ta ƙara wa hedifon ƙarfi. Ni ban san komai a kai ba, albashin malama kuma ba ya ɗaukar wasa. Na shiga intanet, kaina ya yi zafi. Kowa na rantsuwa nasa ne ya fi, kowane kwali da lambobi reras da fitilu masu walƙiya. Na ce a raina, duk bakinku ɗaya.

Sai na koma ga tsarin Yaya. Yakan ce ka je da abin sauraronka, kada ka yarda da na mai shago. Ka ƙure murya ba tare da ka kunna komai ba, ka saurari shirun, domin a nan na'urar banza ke tona kanta. Sannan ka rage murya ƙasa sosai ka ji ko kunne ɗaya ya fi ɗaya. Haka na yi a shagon wani Malam Nasiru a Jos Jarawa. Ya nuna mini ƙarami mai haɗe da dak da amfilifaya wuri guda, ya ce ga mai farawa ya isa, kada in ɓata kuɗi kan biyu. Wannan ma ya sa na ƙara zarginsa. Mai shago da ke hana ka sayen mai tsada? Na dai gwada, shirun ya yi tsit, na saya.

Na isa gida Anguwan Rukuba, na haɗa, na kunna. Kai! Yaya ne sak, har ƙarar da yake ajiye sukudireba kan tebur ina ji. Amma a ƙarƙashin maganar akwai wani siririn fito, yana zuwa yana ɗaukewa. Ban taɓa jin sa ba. Raina ya ɓaci. Washegari ina tashi daga makaranta na ɗauki akwatin da kwamfutar na dira shagon, na ce masa a gaban mutane ya canza mini da mai lahani lokacin da yake naɗewa.

Malam Nasiru bai ɗaga murya ba. Ya gwada shirun, babu fito. Ya kunna karatu, ya kunna waƙa, babu fito. Sai ya ce in saka abin da na ji shi a ciki. Ya saurara, ya mayar baya, ya sake saurara, sannan ya cire hedifon a hankali.

"Madam, akwatin lafiyarsa ƙalau. Ki lura, sai mutumin nan ya ja numfashi fiton ke fitowa. Yana da ciwon ƙirji ne?"

Mu abin da muka sani, ciwon Yaya na sati uku ne, farat ɗaya ya kwanta. Amma shi mutum ne mai rubuta kwanan wata a bayan kowane kaset, kuma wannan ya yi shi shekara biyu kafin rasuwarsa. Na ba Malam Nasiru haƙuri a gaban mutanen da na kunyata shi, na tafi kai tsaye wurin Saratu, matar Yaya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Anti, shi ya hana ni faɗa. Ya ce kina da hawan jini."

Ina jin haushinsa har yau, kuma ba zan ɓoye ba. Mutumin da ya kwance kowace rediyo a Bukuru ya ƙi yarda likita ya duba ƙirjinsa sai da lokaci ya ƙure. Na fi jin haushin kaina. Na zargi 'yan kasuwa, na zargi kwali, na zargi bawan Allah da ya faɗa mini gaskiya, amma shekara biyu ina zama a bencin shagon Yaya duk Asabar, yana ce mini "lafiya lau", ban taɓa zarginsa ba.

Akwatin na nan kan tebur, yana aikinsa, ba ya ƙara komai, ba ya ɓoye komai. Halin Yaya ma na nan a jikina, sai dai na sauya masa wurin aiki. Yanzu in na gai da wani nawa ya ce lafiya lau, ba na saurin wucewa. Nakan yi shiru, in matso kusa, in saurari yadda yake jan numfashi.