Lasifikokin Na-Iya

Tun yana ƙarami ake ce masa Na-Iya, don ba a taɓa nuna masa abu ya bari an kai ƙarshe ba. Yayarsa da ta goye shi ta fi kowa sanin cika baki ne kawai. Ya yi tela ya ɓata yadi, ya yi direba ya daki katanga, yanzu da furfurarsa wai ɗakin wasa ya buɗe a gida.

Ya sayo lasifika biyu, kowacce kamar firji. Mai waldar da ya kira ya kafa su ya ce, "Maigida, makunninsu fa a baya yake, a bar 'yar tazara."

"Kai dai yi abin da aka sa ka," in ji Na-Iya. "Manna su da bango can ƙarƙashin silin, kowa ya shigo ya ɗaga kai."

Aka manna, aka bi da walda. Shekara uku ke nan ba su ce uffan ba, gizo-gizo ma ya tare a kai. Shi kuwa yana ƙasa riƙe da sandar wasan ƙwallon tebur na sinuka, yana yi wa baƙi bayanin ƙarfinsu.

Ran da Yaya ta leƙo, ta ɗaga kai ta taɓe baki. "Bar su haka, ƙanena. Lasifika ɗaya ta ishi ɗakin nan."